Taliyar Aondohemba

A tashar motar Doma da ke Lafia, wata mata ta leƙa ledar dattijon da ke gefenta.

"Baba, wace irin taliya ce wannan fara fat?"

"Ta shinkafa ce, daga Vietnam. Cikin romo suke cin ta, da ɗanyen ganye."

"Ɗanye? Ka iya ci?"

"Ƙi na yi. Matar da ɗana Aondohemba ke haya a gidanta a can Vietnam ta zuba kwano biyu, ta ajiye ɗaya gaban hotonsa, ta kunna turare. Na daka mata tsawa. Mu ba ma ciyar da matattu."

"Wayyo, Baba! Rasuwa ya yi?"

"Gawarsa na je ɗaukowa. Shekara uku ita ke ba shi abinci, ni ko wayarsa ba na ɗagawa."

"To taliyar ta mece ce?"

"Ni ma ina da hotonsa a ɗaki."