Kafin a Sare Ɓauren Bakin Rafi

Shugaban dogon gidanmu Baba Sandom, jami'ar gandun daji da ta yi tattaki a kwalekwale, dattawa, iyayenmu mata, abokan sana'ata masu kai baƙi daji, da duk wanda ya sami gefen tabarma, ina gaishe ku da girmamawa. Ni ne Jimbun, ɗan Inna Lemai. Na gode da aka ba ni dama kafin a tabbatar da shawarar sare ɓauren bakin rafi, wanda uwar orangutan, babban birin dajin nan mai jan gashi, ke bi ta rassansa, da ɗanta maƙale a jikinta, tana tsallakowa lambun duriyan na kakanninmu, itacen nan mai manyan 'ya'ya masu ƙaya.

Na farko, ba na musun ɓarna. Al'adarmu ce ba a hawan duriyan, jira ake yi ya faɗo da kansa, kuma kowace ƙofa ta gidan nan, wato kowane iyali, tana da ranarta ta tsinta. Ita kuwa wannan baƙuwa ba ta jira, hawa take yi ta tsinke. Ranar Kawu Unyat, yayan mahaifiyata, ɓawo kawai ta bar masa. Ya tare ni a mashayar rafi, yana yi mini ba'a da birin, ya ce, "Jimbun, ka ja wa matarka kunne."

Na ce, "Kawu, ai al'ada ta yarda matafiyi ya ci ya ƙoshi, in dai bai ɗauka a kwando ba."

Ya ce, "Kai, tafi can. Ka ga cikinta kuwa? Ai shi ne kwandon."

Na biyu, tambaya ce ta hana ni sakat. Tun ina yaro nake jin kukan birran nan daga nesa, ban taɓa ganin ɗaya a lambunmu ba. Me ya sa bana? Me ya sa mai ɗa, wadda ta fi kowa gudun mutum? Makon jiya ina da baƙi kaɗan, daidai cikin kwalekwale ɗaya, sai muka bi sawunta. Sawun orangutan a sama yake: kullum takan lanƙwasa rassa ta yi sabuwar shimfiɗa, gobe ta bar ta. Muka bi tsofaffin shimfiɗun, daga ɗanya zuwa busasshiya, har muka fito sarari. Dajin da na sani a bayan tudu babu shi, sai jar ƙasa da layukan dashen kwakwar manja. Wata tsohuwa cikin baƙin, wadda ta tara kuɗin tafiyar shekara da shekaru, ta tambaye ni, "To in an sare ɓauren, ina za ta?" Tambayar nan ta yi mini ciwo. Kun san abin da ke samun orangutan in yunwa ta kai ta gonar dashe: kashe ta ake yi.

Wani zai ce abincina nake karewa. Haka ne, ba na ɓoyewa. Baƙin nan don ita suke zuwa, kuma shinkafarku suke ci, tabarminku suke saya. Amma ko ba baƙo ɗaya, ina so in sani ko ɗan nan nata zai girma ya yi tasa shimfiɗar.

Na uku shi ne roƙona. Al'adar da ta hana hawa ita ce ta hana kowa shiga lambu da gatari a ranar wata ƙofa sai da izininta. Ɓauren kuwa a cikin lambun yake, kuma gobe, ranar da ake son sarewa, ranar ƙofarmu ce. Na tambayi mahaifiyata, ta ce, "Duriyan ɗin da nake jira tun bara? Kai ɗan banza ne." Sannan ta ce, "Ai ni ma na yi goyo cikin yunwa. A bar mata." Saboda haka gobe ba za mu tsinci ko ɗaya ba, kuma ba mu ba da izini ba. Wanda ya zo da gatari zai tarar da Inna Lemai zaune a gindin ɓauren.

Rana ɗaya gare mu, jibi ta wani ce. Ina neman ƙofar da za ta karɓa daga hannunmu, sannan wata ta karɓa, har duriyan ya ƙare. Kawu, jibi taka ce.

Allah ya albarkaci wannan taro, ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya sa lambu ya yi 'ya'yan da za su ishe mu duka, ya mayar da baƙinmu gida lafiya. Na gode.