Darasin Lissafi Daga Bayan Katanga

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugabar wannan taro, kuma shugabar ƙungiyarmu ta malaman makarantun kuɗi na Samaru da Sabon Gari, Malama Bilkisu; babban baƙonmu Dokta Adebayo, wanda ya sadaukar da hutunsa na Asabar domin ya zauna tare da mu; iyayenmu masu unguwanni; limamai da fastoci; masu makarantu da suka amsa gayyata da kansu, da waɗanda suka turo wakilai domin a ji musu ko za a ambaci sunayensu; 'yan'uwana malamai maza da mata; 'yan keke-napep da nake hangowa a bakin ƙofa; jama'a baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana, ina kuma gode wa ƙungiya da ta ba ni damar yin magana a kan haƙƙin ma'aikaci yayin da yake jinyar ciwon daji. Ni ba lauya ba ne, ba kuma likita ba. Sunana Ridwan, malamin lissafi ne a wata makaranta da ke Dogarawa. Abin da ya same ni shi zan faɗa muku, kuma mai makarantarmu, Alhaji Bappa, ya ba ni izini, bisa sharaɗin in bayyana wa jama'a cewa shi mutumin kirki ne. To, na bayyana.

Batu na farko shi ne ranar da ma'aikaci zai buɗe baki ya faɗa wa maigidansa abin da ke damunsa.

Bara waccan na fara rama, cikina ya ƙi zama lafiya, har aka kai ni asibiti. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce ciwon daji ne a hanji. Aka yi mini aiki, aka ce saura maganin da ake ɗura wa mutum ta jijiya, wanda suke kira kimo, kuma duk bayan 'yan makonni zan riƙa komawa. Matata Naila ta ce, "Malam, ka je ka gaya wa Alhaji gaskiya. Shekara da shekaru kana yi masa aiki, ba zai ƙi ka ba."

Na shiga ofishinsa, na gaishe shi, na faɗa masa. Jama'a, Alhaji ya yi kuka. Kuka na gaskiya, da hawaye. Sai dai yana kukan yana jan kujerarsa baya, yana kukan yana jan kujera, har ta daki bango. Ya rufe hancinsa da hannun babbar riga, ya ce, "Malam Ridwan, Allah ya yaye. Amma ba za ka roƙi likitan ya ɗage ciwon zuwa dogon hutu ba? Ka ga jarrabawa ta matso."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ciwon bai nemi shawarata ba kafin ya zo."

Ya ce, "To idan iyaye suka ji fa? Gobe-gobe za su kwashe 'ya'yansu."

Na ce masa ba a ɗaukar ciwon daji daga jikin wani. Ya ce haka ake faɗa a kan kowace cuta kafin ta kama mutum.

Batu na biyu shi ne abin da ake kira sauƙaƙa wa ma'aikaci aiki. Ni ma an sauƙaƙa mini, kuma zan gaya muku yadda aka yi.

Alhaji ba ya son korata, domin ni ke shirya 'yan ajin ƙarshe su ci jarrabawar fita. Ba ya kuma son in shiga aji. Saboda haka ya sa aka ajiye mini kujera a waje, gindin taga, in riƙa koyarwa daga nan. Mataimakiyar shugaban makaranta, Madam Ugomma, haifaffiyar Sabon Gari wadda Hausarta ta fi tawa, ita ce ke rubuta abin da na faɗa a allo. Ba a jima ba Alhaji ya lura cewa iska daga wajena take kaɗawa zuwa cikin aji. Aka rufe tagar. Da aka rufe taga yara suka daina jina. Da suka daina jina, sai ya ce ai tunda abin ya zama na ɗaga murya, babu bambanci tsakanin gindin taga da bayan katanga.

Ranar da aka fitar da kujerata bakin titi, a ranar aka yi mini ƙarin girma. Alhaji ya tara malamai ya sanar da su cewa daga yau ni ne Shugaban Sashen Harkokin Waje. Aka tafa.

Ya je shagunan unguwar PZ ya sayo mini lasifika ta hannu, tsohuwa, daga wurin wani mai tallar maganin gargajiya. Abin da bai sani ba shi ne lasifikar na da wani maɓalli da ke maimaita tallar tsohon mai ita. Ina tsakiyar bayani, ina cewa idan aka raba wannan gida huɗu, sai yatsana ya goce, sai ka ji murya ta cika unguwa: "Basir! Sanyin ƙashi! Ciwon baya! Ku matso, ku matso!" Kuma jama'a suna matsowa. Wata tsohuwa ta tsaya a kaina ta dube ni, gashina ya zube har gira, wuyana ya zama kamar na zakara, ta ce, "Ɗan nan, in maganin naka na ci, ka fara sha mana."

Littattafan yara kuwa a guga ake zuro mini su ta saman katanga. In na duba na mayar, sai a shanya su a rana domin cutar ta mutu. Wata rana akuyar maƙwabta ta shiga ta cinye aikin gida na ajin gaba ɗaya. Ban taɓa ganin yara sun so dabba kamar yadda suka so akuyar nan ba.

A hankali na samu wasu ɗaliban da ban nema ba. Mai shayin da ke kusa ya matso da teburinsa. 'Yan keke-napep masu jiran fasinja suka fara saurare. Akwai ɗaya, Collins, ga shi can a bakin ƙofa yana ɓoye fuska, wanda duk tambayar da na jefa wa 'yan aji shi ke riga su amsawa. Yana ɗaga hannu yana cewa, "Oga Tisa, ni, ni!" In ya kuskure sauran su yi masa ihu, in ya dace ya danna hon. Har fasinja ya taɓa saukewa a hanya domin kada a fara darasi ba ya nan.

Kuna dariya, ni ma yanzu ina yi. Amma ku sani a lokacin rana na dukana, maganin na juya mini ciki, bakina ya yi gyambo, in na yi magana kamar ina tauna ƙusa. Nakan ajiye lasifika in zagaya bayan kwata in yi amai, in kuskure baki, in dawo in ci gaba daga inda na tsaya. Me ya sa ban tafi gida na kwanta ba? Domin a wannan kujera ta bakin titi abincin 'ya'yana yake, a kanta maganina yake. Mai jinya ba ya riƙe aiki don son wahala. Yana riƙe shi ne domin in aikin ya tafi, jinyar ma ta tsaya.

Batu na uku shi ne kora.

Mai unguwa ya kai ƙara cewa ana damun jama'a da lissafi da tallar basir tun da safe. Alhaji ya ga ya samu hanya. Ya sa aka zuro guga, na saka lasifika, aka ja. Ya goge ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya tsaya daga cikin katanga ya yi mini magana, duk unguwa na ji. Ya ce, "Malam Ridwan, hukumar makaranta ta sallame ka bisa laifi biyu. Na ɗaya, damun maƙwabta da surutu. Na biyu, bincike ya nuna cewa zangon nan gaba ɗaya ba ka taka harabar makaranta ba."

Na ɗaga murya na ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka fitar da ni!"

Ya ce, "Ni ƙarin girma na yi maka. Rashin zuwa aiki kuma doka ce ta kama ka." Daga nan ya so ya yi mini addu'ar fatan alheri, yatsansa ya goce, lasifika ta ce, "Ku matso, ku matso!"

Na ɗauki kujerata, sai na tuna ta makaranta ce, na ajiye. Collins ya kai ni gida. Naila ta tarye ni a tsakar gida, ta ga fuskata, ta gane abin da ya faru. Washegari da safe na yi wanka na sa kaya na ɗora hula, na tsaya a zaure, sai a lokacin na gane babu inda zan je. Na daɗe a tsaye. A ranar na yi kukan da ban yi ba a gaban likita.

Batu na huɗu shi ne amfanin ƙungiya, da amfanin mutum ɗaya mai ƙarfin zuciya.

Madam Ugomma ce ta kai maganar wurin Malama Bilkisu. Malama Bilkisu ta nemi a kira taron iyaye da malamai, ta gayyato Dokta Adebayo. Ni aka ajiye ni a bakin ƙofa, domin Alhaji ya ce iyakar abin da zai iya ke nan. Dokta ya yi bayani dalla-dalla cewa ciwon daji ba ya bin iska, ba ya bin hannu, ba ya bin kofi ko alli. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Likita, ta lasifika fa?" Dokta ya ce ko ta lasifika. Duk da haka iyaye suna ta gunaguni, wani ya ce shi dai ba da ɗansa za a yi gwaji ba.

Sai Madam Ugomma ta miƙe. Da izininta nake faɗar wannan. Ta ce, "Alhaji, ka tuna shekarar da nake yawan tafiya ƙauye binne kakata?"

Ya ce, "Na tuna. Har na ce ban taɓa ganin mai yawan kakanni irinki ba."

Ta ce, "Kakata tun ina yarinya ta rasu. Asibiti nake zuwa. Ciwon daji na yi a mama, aka yanke, aka yi mini kimo, gashin da kake gani a lokacin na kanti ne. Na ɓoye ne domin na san abin da za ka yi. Tun daga lokacin ofishinmu ɗaya da kai, kwanon gyaɗarmu ɗaya. 'Ya'yan waɗannan iyaye kuwa babu wanda ban share wa majina ba. Wa ya kamu?"

Alhaji ya dubi hannuwansa ciki da baya, ya ce a ba shi ruwa. Washegari ya tafi asibiti ya ce a duba shi daga kai har ƙafa. Ba a samu komai ba sai hawan jini, wanda ya ce Madam ce ta sa masa a wurin taron. Bayan mako ɗaya ya zo gidana da kansa, ya shiga har ɗaki, ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Malam, an rushe Sashen Harkokin Waje. Ka dawo aji." Bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban matsa ba. Ya amince in riƙa zuwa asibiti ba tare da an taɓa albashina ba, ya kuma rage mini darussa a ranakun da jiki ya yi nauyi.

'Yan'uwa, ku duba wannan al'amari. Ni da na faɗi gaskiya na ƙare a bakin titi. Ita da ta ɓoye ta tsira da aikinta, amma ta yi jinya ita kaɗai, tana tsaye a gaban allo da ɗinki a ƙirji, babu mai ce mata sannu. Wane irin wurin aiki ne wannan, da mutum zai gwammace ya sake kashe kakarsa a kan ya ce ba shi da lafiya?

Saboda haka muna roƙon masu makarantu, da masu shaguna a PZ, da masu gidajen burodi da otal-otal na Samaru, abubuwa kaɗan. A sanya hutun jinya da albashinsa cikin sharuɗɗan aiki tun ranar ɗauka, kada a bar shi ga halin maigida, domin hali yana canzawa. Kada a sallami mai jinya sai an ji ta bakin likitansa da ƙungiyarsa. A daidaita masa lokacin aiki gwargwadon ƙarfinsa, a cikin gini, ba a bayansa ba. Kuma ciwon mutum sirrinsa ne, shi ke da ikon faɗa ko yin shiru. Ku kuma ma'aikata, ku shiga ƙungiya tun kuna da lafiya, kada ku jira sai ranar da ba za ku iya hawa matakalar ofishinta ba.

Wasu sun tambaye ni a waje ko na warke. Ban sani ba tukuna. Likita ya ce nan gaba kaɗan za a sake ɗaukar hoto a ga abin da ya rage, kuma wannan yana hannun Allah. Abin da na sani shi ne jibi Litinin ina da darasi da ƙarfe takwas, kuma 'yan aji biyu har yanzu ba su iya rabawa ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi. Allah ya ƙarfafa masu jinyarsu. Allah ya sanya tausayi a zukatan masu ɗaukar aiki, ya haɗa musu da sani. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.