Tabon da Aka Gani a Hoton Bayana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Rabi mai doya a kasuwar Arzeke, daga Zongon Parakou.

Ciwon ƙugu ya dame ni har ruku'u ya gagara, sai na fara zuwa wurin kine, mai gasa baya da koyar da motsa jiki. Da sauƙi ya ƙi samuwa, ya tura ni ɗaukar hoton ƙashin baya. Hoto ya fito, sai ga wani ɗan tabo can tsakanin kafaɗu, inda ban taɓa jin ciwo ba. Kine ya ce, "Hajiya, ba wannan muka je nema ba. Mutane da yawa suna da shi, ba ya komai."

To amma da za mu fita, ya ja maigidana gefe suka yi ƙus-ƙus da Faransanci. Malam, ka san halinmu, in cuta ta yi muni ba mai ita ake gaya wa ba. Maigida ya ce wai ɗaukar kaya kawai aka hana ni. Kwana uku sai ga yayata daga Djougou, ba biki ba suna, sai kallona take yi.

Jama'a, ku ba ni shawara, in kai hoton wurin wani likita a ɓoye? Shekara ashirin da aurenmu mutumin nan bai taɓa miƙo mini buta ba. Yau shi ya zuba mini ruwan alwala.