Me Yarinyar Ta Iya?

A ɗakin jiran likitar masu damuwa, wani direba yana ta murza hularsa. Matar da ke gefensa ta dube shi.

"Malam, zuwan farko ne ko?"

"Shi ne, baiwar Allah. 'Yata na kawo, ga ta can a baranda. Ba ta magana, ba ta fita, makaranta ma ta daina zuwa. Tun daga gida nake haddace laifuffukanta kada in manta."

Matar ta yi dariya. "Ka sha wahalar banza. Abin da likitar za ta fara tambayarka shi ne, me yarinyar ta iya?"

"Me ta iya? Ni da na kawo ƙara?"

"Ni ma haka na yi. Na ce ɗana gardama kawai ya iya. Ta ce madalla, ashe da sauran ƙarfinsa, daga nan za mu fara. Taka fa?"

Direba ya sosa ƙeya. "Tawa ai shiru ta iya. Sai dai tsohuwata, tunda tsufa ya rikita ta, ba ta karɓar abinci a hannun kowa sai na yarinyar."

"Ikon Allah! Yaya take yi?"

Gida ɗaya suke kwana, amma direba bai taɓa tsayawa ya gani ba. Ya miƙe, idonsa a baranda.

"Malam, saura kai fa!"

"Riƙe mini layin, baiwar Allah. Bari in tambaye ta tukuna."