Kaso Tamanin a Tiren Nama

Ni ban yarda da karta ba, amma ba zan toshe kunnena ba. Ranar Lahadi da la'asar, a tashar bas ta Dubbo, wata tsohuwa na rungume da tiren naman rago da ta ciwo a gasar wasan karta na poka. Mutumin da ta kayar ya zauna gefenta.

"Iya, sarki biyu na riƙe, ke bakwai biyu. A lissafi, kaso tamanin cikin ɗari na naman nan nawa ne."

"To, ya aka yi yake kan cinyata?"

"Bakwai ta uku ce ta faɗo miki! A maimaita rabon nan sau biyar, huɗu ni zan ci."

"Sai ka gasa huɗun, ɗan nan."

"Ina ganin sarakunan fa na tura wa matata saƙo ta hura gawayi. Surukaina ma sun iso."

Ta yi dariya har tiren na rawa. "Ni kuwa daga ni sai kyanwa, ko murhun gashi ba ni da shi. Kai wuta, ni nama. Malamin lissafi, yanzu kasonka nawa?"

"Hamsin."

"Arba'in. Kyanwar ma da bakinta. Wace bas ce ke zuwa gidanku?"