Kututturen Bayan Gida

AUTA: Salamu alaikum. Yaya, ina wuni?

YAYA: Wa alaikumus salam. Autarmu! Lafiya lau. Ya aiki?

AUTA: Da godiya. Ya Inna da ƙafa?

YAYA: Da sauƙi. Kullum cewa take kin fi son kwalaben ɗakin gwajinku a kanmu.

AUTA: Kai, Inna! Ya hannun naka?

YAYA: Gyambon ya fara kamewa. Amma allurar nan, Auta, ta fi ciwon zafi. Ɗan ƙudan da ko ganinsa ban yi ba, dubi inda ya kai ni.

AUTA: Sannu. Dama a kansa na kira. Ka tuna kututturen bayan gida da na kankare funfuna a jikinsa?

YAYA: Fanfo? Ai an gyara.

AUTA: Funfuna! Farin abin nan na ruɓaɓɓen itace.

YAYA: Oho, ranar da muka ce kin zautu.

AUTA: To mun tace ruwanta, mun ɗiga wa ƙwayar cutar nan taka ta lishmaniya, mai kawo gyambon, a faranti. Ta kashe fiye da rabi.

YAYA: Allahu akbar! Bari in je in goga a hannu kawai.

AUTA: Kul! A faranti na ce, ba a jikin mutum ba. Ba mu san me za ta yi wa hanta ba tukuna. Ka ci gaba da allurarka.

YAYA: To, likita.

AUTA: Matsalar, firjinmu ya lalace, funfunar da muke reno ta mutu. Sai na ɗebo sabuwa. Kututturen yana nan dai?

YAYA: Ai fa... jiya na sa masa gatari.

AUTA: Yaya!

YAYA: Hannu ɗaya gare ni, ban yi nisa ba. Tsaya in zagaya. Kina ji na?

AUTA: Sama-sama.

YAYA: Rabi ya shiga murhu. Ɗaya rabin... bari in ɗaga ɓawon. Ga ta nan, fara sol kamar auduga.

AUTA: Alhamdu lillahi. Ka bar shi a inuwa, gobe ina hanya.

YAYA: Ba mai taɓa shi. Ga ni ma na zauna a kai ina gadi.

AUTA: A kai? Yaya, tashi! Kada ka murƙushe... Halo? Yaya?