Sefa a Tashar Ajingi

A bencin tashar Ajingi, Malam Zubair, wanda kuɗin motarsa bai cika ba, ya buɗe wa tsohuwar da ke gefensa tafin hannu.

"Iya, dubi canjin da mai goro ya cusa mini. Sefa! Direban Gaya ya ce in tafi Maraɗi in kashe."

"Jefa a asusun masallaci mana."

"In aka biya ni lada da sefa fa?"

Ta karɓa, ta jujjuya. "Ba ni. Cibiyar jikana ta kumbura, na rasa kwabon da zan ɗaura masa."

Malam Zubair ya gyara hula. "Ai kuɗin waje ne, Iya. Sun hau."

"Yanzun nan kake kuka da ita!"

"Lokacin ba ta zama magani ba. Cika mini kuɗin mota."

Ta kwance bakin zaninta tana tsaki. "Gara mai goron."